Bidiyon Gindin Ɗorawa

Ana gab da kiran magariba Basiru ya dawo daga bakin ruwa, hannuwansa duk baƙin mai, don sana'arsa ke nan, gyaran injinan jiragen masunta a Yelwa. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ya tare musu tun rasuwar matarsa Mariya. Mahaifiyarsa Inna Balaraba tana hura wuta a madafi. 'Yarsa Yasira kuwa tana inda ta saba, bayan ɗaki gindin ɗorawa, ta kafa kwamfuta a kan turmi tana kallon bidiyon uwarta.

Ya ɗauki buta ke nan dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin. Ya ce a ransa yaran unguwa ne. Wani ya sake faɗowa, wani kuma ya dira tsakar gida gab da ƙafarsa. Ya duƙa ya ɗauka. Jiƙe yake sharkaf, da gansakuka a jikinsa, irin dutsen da ba a samu sai a ƙasan tafki, alhali rabon garin da ruwan sama an daɗe. Sai ya ji kukan jariri daga bayan ɗaki, siriri, mai ja. Rabon gidan da jariri tun haihuwar Yasira, ga ta yanzu tana shirin gama sakandare.

Kwamfutar nan shi ya zaɓo ta da hannunsa, abin da ya riƙa cin ransa ke nan daga baya. Lokacin da ciwo ya kwantar da Mariya ya shiga kasuwa neman kwamfutar tafi-da-gidanka, Yasira ta yi karatu, uwar kuma ta samu abin ɗebe kewa. Mai shago ya ajiye masa guda biyu. Ɗaya babba ce mai nauyi, batirinta na jimre rashin wuta. Ɗayar ƙarama, ana lanƙwasa ta baya ta koma kamar allo, a taɓa fuskarta da yatsa, ko a kafa ta kamar 'yar bukka ta tsaya da kanta. Mai shagon bai ɓoye masa ba, ya ce babbar ta fi ƙarko, mai naɗewar nan daga gaɓarta take mutuwa. Basiru makanike ne, ba sai an gaya masa ba. Amma babbar tana son tebur da mai iya zama, Mariya kuwa ko jingina ba ta iyawa. Ya ɗauki ƙaramar.

Ta yi amfani, ba laifi. A gefen filo ake kafa mata ita, ta saurari karatu, ta ga 'yan'uwanta na Shanga suna gaishe ta. Sai dai abu marar nauyi ba ya zama wuri ɗaya. Da yamma Mariya takan ce a fitar da ita gindin ɗorawa ta sha iskar tafki, kwamfutar ta bi ta. Inna ta yi faɗa har ta gaji, ta ce wurin nan da masu shi, ba a kai magariba a can. Mariya ta yi murmushi kawai, don ita mace ce mai tsokana har a kan tabarmar ciwo. A nan ne wata yamma ta sa Yasira ta ɗauke ta bidiyo, ta yi magana mai tsawo. Da ta gama yarinyar ta rufe kwamfutar, duhu ya riga ya fara. Ba a jima ba Mariya ta cika.

Basiru bai taɓa kallon bidiyon ba. Kullum cewa yake sai zuciyarsa ta yi ƙwari.

Daga ranar dutsen farko, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Rana na faɗuwa jifa zai fara. Ruwan randa ya koma warin laka. Yasira ta daina cin abinci, ta daina amsa kira, ta rungume kwamfutar a ƙirji kamar mai goyon gaba. Ran da Basiru ya kai hannu zai karɓa, ta ɗago ta dube shi, ya ga ba 'yarsa ce ke kallonsa ba. Ta faɗi tana birgima, tana gurnani da muryar tsohuwa. Tsoro ya kama shi. Inna ce ta yi ta maza, ta aika garin Ngaski a ɗauko Malam Jabiru, wanda aka sani da ruƙiyya.

Malam ya iso da la'asar sakaliya, dattijo ne marar yawan magana. Ya sa aka kwantar da yarinyar a tabarma, Inna ta riƙe kafaɗunta, ya zauna wajen kanta ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Inuwar ɗorawa ta miƙe har bakin ƙofa kafin bakin Yasira ya buɗe.

"Bari ƙona ni, Malam. Ni anka zalunta."

"Wace ce ke? Mi kika nema ga ɗiyar mutane?"

"Tsohon gari muke, kahin ruwan dam su cinye shi. Munka dawo ga iccen ga, ba mu taɓa kowa ba. Ɗana ya ga haske ya leƙa, wagga yarinya ta ruhe abin da shi ciki. Duk sa'ad da ta kunna, kuka yakai. Ku ba ku ji?"

Duk sun ji.

"To, mi kike so?" in ji Malam.

"Ɗiya madadin ɗa."

Malam ya ɗaga murya da karatu, jikin yarinyar ya ƙame, aljanar ta yi ihu har kajin gidan suka watse. Ta sauko ta ce a yanka mata baƙar akuya. Malam ya ce jini ko ɗigo ba za ta samu ba. Sai muryar ta dawo ƙasa-ƙasa, kamar ta kowace uwa.

"To ku sake mini shi. Ku shahe hoton ga duka. Kada ku kwashe shi ga waya, duk inda kunka kai shi, can ɗana yake. In kunka yi haka na tahi, ba ni komowa."

Malam ya sa ta rantse, ta rantse. Sannan ya juyo ga Basiru. "Aljanu suna ƙarya ƙwarai, ba ni ɓoye maka. Ina iya ci gaba da karatu har ta hita dole, amma ban san abin da za ta bari na ɗiyarka ba. Kai ad da zaɓi."

Basiru ya zare kwamfutar daga hannun Yasira, wannan karon ba ta hana ba. Ya ce a bar shi ya gani sau ɗaya tak. Ya taɓa fuskar da yatsansa mai baƙin mai. Ga Mariya a kwance, ta rame, ɗankwalinta ya zame, ganyen ɗorawa na motsi a bayanta. Ta dubo shi kai tsaye.

"Baban Yasira, na san sai ka ja rai kahin ka kalli wanga. To saurara..."

Kukan jaririn ya tashi ya danne muryarta. A kan tabarma bayan Yasira ya banƙare, jini ya fara zuba daga hancinta, Inna tana salati tana kiran sunanta. Basiru ya tsayar da bidiyon. Ya dubi matarsa, bakinta a buɗe kan kalmar da ba ta ƙarasa ba. Ya share bidiyon, ya bi shi har kwandon sharar kwamfutar ya sake sharewa.

Kukan ya yanke. Yasira ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, barci ya ɗauke ta. Daga masallacin unguwa aka kira salla, ba dutsen da ya faɗo.

Sai da ta warware, ta fara cin abinci, har tana yi wa Inna gardama kan gishiri, sannan Basiru ya samu ƙarfin tambayarta. Ya tarar da ita tana shan kunu a bakin madafi. Ita ce ta ɗauki bidiyon, ita ta kalle shi ba adadi, ya san ta haddace.

"Yasira, mi innarki ta ce cikin bidiyon nan?"

Ta ajiye ludayi ta dube shi, idonta garau.

"Wane bidiyo, Baba?"

Ya ce mata ba komai, ta shanye kununta kada ya huce. Har yau bai sani ba ko gafara Mariya ta nema, ko wasiyya ta bar masa, ko kuwa tsokanarsa kawai za ta yi.