Mai Ƙirgen Fasinja a Bakin Gada

Ranar da Dritan ya fara ganin Mirjeta, saura ƙiris ta take shi da mota. Yana tsaye a bakin gadar da ke hawa unguwarmu ta kan tudu a Elbasan, ƙasar Albaniya, yana ƙirga fasinjojin kowace furgon, wato ƙananan bas ɗinmu na haya. Ta taka birki, ta leƙo.

"Malam, in mutuwa kake nema, nemi wata motar. Tawa jiya aka yi mata fenti."

"Yi haƙuri. Mutum nawa kika ɗauko?"

"Ba aikinka ba ne? Ƙirga."

Ya ƙirga, ya manta adadin, don idonsa na kan direba.

Ofishin tsara sufuri ne ya turo shi. Yana tattara inda mutane ke hawa da inda suke sauka, ya zuba a kwamfuta, ita kuma ta nuna layin da za a ƙara wa mota da wanda za a soke. Mirjeta kuwa 'yar Agron ce, shugaban direbobin tudu, mutumin da ko gaisuwarsa kamar faɗa take.

Kafin wata ya ƙare, saƙo ya fara yawo a waya tsakanin Dritan da Mirjeta.

"Zuciyata, yau na ga kin wuce ba ki kalle ni ba."

"Baba na bayana, mai ƙirge. Na ajiye maka byrek, gashin fulawar nan mai nama, wurin mai jarida, ci da zafinsa."

Da Agron ya ji labari, teburin tasha ya kifar. Ya ce bai haifi 'yar da za ta auri ɗan leƙen asiri ba, ga Kujtim nan, direba ɗan direba, shi ya yi wa alkawari. Sannan ya fito da dabarar da yake ganin ta fi ta kowa: in hukuma ta ga layin na cika, za ta ƙwace ta ba babban kamfani. Don haka kowa ya sauke fasinja kafin gada, su taka da ƙafa, mota ta wuce gaban yaron wayam. Mu duka muka yaba, har da tafi.

Kwamfuta ba ta san wayo ba. Abin da aka ba ta shi ta ɗauka, ta ce ba mai hawa tudu, a soke layin.

Mirjeta ta tura wa Dritan saƙo: "Ashe abincin ubana ka zo tsinkewa. Kada ka sake kira na."

Washegari da hantsi Dritan ya zo gada don ya yi mata bayani. Kujtim ya tarar da shi, shi da direbobi biyu. Ba su tambaye shi komai ba. Kujtim ya zaro ƙarfen kwance taya ya sauke masa a haƙarƙari. Da ya faɗi suka bi shi da takalmi, fuska da ciki. Kujtim ya take masa hannun dama a kan kwalta.

"Da wannan kake ƙirgawa, ko?"

Ya daki yatsun har sai da aka ji ƙarar ƙashi. Mutane na kallo daga shagon kofi, ba wanda ya ajiye kofinsa. Ina cikinsu, kuma har yau raina na ɓaci da mu.

Mirjeta ce ta taho da mota a guje, ta nufi Kujtim kai tsaye, sai da ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ta ja Dritan ciki, jini na zuba a kujera. Tudu ta hau da shi, ta shigar da shi ɗakin baƙin ubanta, ta tura masa gutsuren burodi a baki.

"Haɗiye, zuciyata. Ko da jini ne, haɗiye."

Agron ya shigo, ya ga burodin, ya tsaya cak. A al'adarmu, wanda ya ci gurasar gidanka baƙonka ne, ransa na wuyanka har ka raka shi iyakar unguwa.

"Baba," in ji Dritan da fasasshen leɓe, "motocin wayam suka riƙa wucewa. Abin da na gani na rubuta. Ku bar su su cika, zan roƙa a sake ƙirge."

Sai aka fara dukan ƙofa, Agron ya je ya buɗe. Kujtim ne da ƙarfensa.

"Kawu, miƙo mana shi."

"Baƙona ne."

Kujtim ya kai duka, ƙarfen ya fasa wa dattijon goshi. Agron bai ja da baya ba. Ya shaƙe Kujtim, ya buga masa kai da ginshiƙin ƙofa, ya wurga shi kan titi. Kujtim ya tashi yana tofar da jini.

"Ai zai fito. Muna gada."

Agron ya koma ciki ya zauna, jini na bin girarsa. Ya daɗe yana kallon 'yarsa tana ɗaure yatsun yaron tana kuka.

"In na raka ka gada, nauyinka ya sauka daga kaina," ya ce. "Daga nan sai su ƙarasa ka. Amma surukina, ko a tsakiyar kasuwa aka taɓa shi, gidana aka taɓa, kuma Kujtim ya san adadin 'yan'uwana." Ya juya wurin Mirjeta. "Kina son wannan ragowar?"

"Ina son sa, Baba."

"To kawo kofi, ki zuba sukari." A wurinmu, kofi mai zaƙi shi ne amincewa da aure.

An sake ƙirge, layi ya tsira. Ranar biki furgon ɗin tudu suka jeru suna hon, Kujtim kaɗai ba a gani ba. Yatsun Dritan biyu ba su ƙara miƙewa ba, zobe ya ƙi shiga, sai Mirjeta ta kama hannun ta sumbace shi a gaban kowa, ta sa zoben a na hagu.

Agron ya dafa kawunansu, tabon goshinsa bai gama warkewa ba.

"Allah ya sa ku tsufa tare," ya ce. "Daga yau ba mai raka ka ko'ina, ɗana. Ka iso gida."