Ƙofar da Injiniya Ya Rufe

Ranar da abin ya fara, Injiniya ya dawo gida da aiki a jaka. Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye tsakar gida. Ya baje kwamfuta a teburin falo, ya jona wayar ofis da ya ɗauko don gwaji. Matarsa ta ajiye masa ruwa, ta ce wata rana sai ya gaida na'urar nan kafin ya gaida mutanen gida. Bai ko ɗago ba.

Kamfaninsu yana da gine-gine biyu, kowanne da babbar na'urar da ke rarraba kira, layi ɗaya ya haɗa su. A sana'arsu kowane kira ta ƙofa mai lamba yake shiga, kuma shi da hannunsa ya tsara na'urorin su yi magana ta ƙofa mai lamba 5060 kaɗai. Amma sati guda ke nan rajista tana nuna wata ƙofa daban, mai doguwar lamba, tana buɗewa kullum dab da magariba. Babu lambar mai kira. Ya saurari abin da aka naɗa, ba komai sai shiru mai nauyi, irin na ɗakin da wani ke ciki bai yi magana ba.

Ya kira abokin aikinsa na ɗaya ginin, shi kuwa ya rantse masa bai taɓa komai ba. Sun kashe na'urorin sun kunna, sun bi saitin layi-layi. Da ƙofar ta sake buɗewa a gabansa yammacin nan, haushi ya kama shi. Ya shiga katangar tsaro, manhajar da ke gadin ƙofofin, ya toshe ƙofar, kiran yana tsaka da tafiya.

Bai gama sauke hannu ba dutse ya faɗo a kan kwano. Sai na biyu. Ya leƙa waje, ba kowa, kaji ma sun shige akurki. Yana nan tsaye wayar ofis ta yi ƙara a falo. Auta, 'yarsa mai shekara goma sha bakwai, ta zo wucewa da buta, ta ɗaga. Ta daɗe da wayar a kunne, sannan ta sulale ƙasa.

Kwana uku ba ta ci ba. Likita ya auna duk abin da ake aunawa, ya ce bai ga ciwo ba. Da rana takan kwanta ido buɗe. Rana na sunkuyawa sai ta miƙe, ta kama ƙofar ɗakinta tana jijjigawa, alhali a buɗe take, har farcenta ya fashe. Jifa kuwa bai fasa ba. Maƙwabta suka daina aiko yara. Injiniya, mutumin da bai taɓa yarda akwai matsalar da ba ta da bayani ba, ya zauna yana kallon hannuwansa.

Yayar matarsa ce ta kawo Malam, wani siririn dattijo da ba ya ɗaga murya. Ya sa aka riƙe yarinyar, ya zauna daidai kanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Can jikinta ya sandare, wata murya ta fito daga bakinta, muryar babbar mace, ta dusashe saboda kuka.

Malam ya tambaye ta ko ita wace ce, da abin da yarinya ta yi mata. Ta ce yarinya ba ta yi mata komai ba, kunnenta kawai ta samu a buɗe. Ta ce tun kafin a yi gine-ginen nan danginta suke zaune a wuraren biyu. Tsohuwar wayar da ke binne a ƙasa ita ce hanyarsu, aka tone ta. Suka samu wata 'yar ƙofa a sabuwar hanya, suna bi ba su cutar da kowa. Sai kan Auta ya juya a hankali ya fuskanci ubanta.

“Ɗana yana tsakiyar hanya ka rufe. Bai isa can ba, bai dawo nan ba.”

Injiniya ya ce wallahi bai sani ba. Ta ce ta san bai sani ba, shi ya sa 'yarsa take numfashi har yanzu.

Malam ya ce zalunci ne a kama wanda bai ji ba bai gani ba, ta fita. Ta ce sai an bar musu ƙofar har abada. Ya ƙi, ya ci gaba da karatu har ta yi ƙara. Daga ƙarshe suka tsaya a kan za a buɗe sau ɗaya, daga yanzu zuwa kiran isha'i, ta ɗauko ɗanta, su nemi wata hanyar. Ya sa ta yi rantsuwa ba za ta sake kusantar gidan ba.

Injiniya ya koma kan kwamfuta, sau biyu yana kuskuren lambar sirri. Da ya cire toshiyar, layi ɗaya ya bayyana a rajista. Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Suka zauna suna jira, duhu yana shigowa ta taga. Dab da kiran salla layin ya ɗauke da kansa. Malam ya ce ya rufe, ya rufe.

Da zai tafi, Injiniya ya raka shi zaure, ya tambaye shi ko shi ke nan. Malam ya ce ta yi alkawarin barin gidan, amma bai ji ta ce ta yafe ba.

Washegari Auta ta sha kunu, ta gane kowa. Kunnenta na hagu ne bai sake ji ba. Ubanta ya zauna a bakin gadonta ya tambaye ta ko tana tuna wani abu. Ta ce ta ga matar a wani dogon lungu marar haske, tana tafe da sauri tana kiran suna.

“Ta same shi?”

“Ta same shi, Baba,” in ji Auta. “Goya shi ta yi. Ƙafafunsa suna ja a ƙasa.”