Miyar Yukren a Gombe

Ƙamshin miya ne ya ja Bamanga zuwa rumfar, ba tutar Yukren mai shuɗi da rawaya ba. Ya fito daga lakca da yunwa, ya tarar da ɗalibai sun yi layi gaban wata yarinya mai farar riga da jan aiki a wuya. Ya leƙa tukunyar, ya ga jar miya sharr.

"Malama, zoɓo kuka dafa da kabeji?"

Ta ɗago ido, ta danne dariya. "Borsh sunanta. Ɗanɗana tukuna, sannan ka yi mana sharri."

Kwano uku ya sha. A na ukun ya san sunanta Ruƙayyatu, ya kuma ji cewa ita da ɗalibai takwas ne suka kafa ƙungiyar nuna al'adun Yukren da ke da rumfar. Dukansu karatu suke a Yukren, yaƙi ya koro su, suka dawo jami'a a gida suka fara daga ƙasa.

"Mutanen can sun riƙe mu da mutunci," ta ce. "Ba ma so a riƙa tuna su da bom kaɗai."

Bamanga ɗalibin aikin gona ne, bai taɓa wuce Jos ba, amma washegari sunansa na cikin rajista. Shi ke ɗaukar kujeru, shi ke nemo musu keke napep idan za su makarantu nuna ɗinki da hotuna. Ba a yi wata biyu ba ta fara kiransa Hamma, shi kuma Rukkuna.

Mahaifiyarsa Dada ce ta ƙi. Da ya kai mata maganar auren a gidansu na Tumfure, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Yarinyar da ta yi shekara uku a Turai ba uwa ba uba? Wannan ba za ta zauna ba. Ranar da aka buɗe hanya, za ta bar ka."

Maganar ta tsaya masa a rai. Sai ga Amir, shugaban ƙungiyar, wanda ya daɗe yana son Ruƙayyatu, ya tare shi bakin laburare.

"Ba ta gaya maka ba? An ba mu gurbin karatu a Poland, ni da ita. Tare muka taka zuwa iyaka cikin ƙanƙara, malam. Kai miya kawai ka sha."

Kwana biyar Bamanga bai ɗaga wayarta ba. A na shida saƙo ya shigo:

"Hammana, in laifi na yi, ka faɗa min. Na saba da ƙarar jiniya, amma shirunka ya fi ta tsorata ni."

Ya rubuta: "Yaushe tafiya Poland?"

"Gurbin gaskiya ne. Na mayar musu da amsa tun watan jiya, na ce ba na zuwa. Ban faɗa maka ba don kar ka ɗauka ina maka gori. Na gaji da gudu, Hamma."

Ya karanta sau uku, kunya ta rufe shi. "Ki yafe min, Rukkuna. Tsoro ne ya sa na yarda da zancen wani ban tambaye ki ba."

"Na yafe. Amma kujeru sittin na jiranka ranar Asabar."

Taron Asabar ɗin a wata makaranta ne a Tumfure, an gayyaci iyaye. Da ƙyar yayarsa Nana Hadiza ta lallaɓo Dada, ta zauna can baya tana jan carbi.

Ruƙayyatu ta miƙe ta ba da labarin wata tsohuwa, Oksana, wadda ta ɓoye ta da sauran ɗaliban kwana tara a ɗakin ƙasan gidanta a wani ƙauyen Yukren. Ta share musu lungu don salla. Kullum da safe takan fita, ana jin rugugin bama-bamai, ta tatso musu madarar saniyarta guda ɗaya. Da mota ta zo kwashe mutane, tsohuwar ta tura su ciki, ta ce ita ba za ta bar saniyar ba.

Muryar Ruƙayyatu ta karye.

Daga can baya aka ji wata murya: "Saniyar fa? Ta rayu?"

Dada ce. Ruƙayyatu ta share ido. "Ta rayu, Dada. Har ta haihu bara."

"Alhamdulillahi," Dada ta ce da ƙarfi, kamar tata ce.

Bayan an tashi ta sa aka kira mata yarinyar. Ruƙayyatu ta durƙusa har ƙasa. Dada ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce wa Nana Hadiza, "Wadda ta riƙe alherin baƙuwa haka, ba za ta yar da mu ba. Ki gaya wa baffanninku su shirya."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a unguwar Madaki. Amir ya riga ya tafi Poland, amma ya turo saƙon ban haƙuri da fatan alheri. 'Yan ƙungiya, Musulmi da Kirista, su suka cika motar rakiyar amarya, Hilda ƙawarta na gaba tana rangaɗa guɗa.

Da aka kai ta gaban Dada, tsohuwar ta ɗaga mayafin da hannunta, ta ga hawaye.

"Daina kuka, ɗiyata. Kin iso gida. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'yan da ba za su taɓa sanin gudu ba."

Ɗakin ya ɗauka da amin. Bamanga na tsaye a bakin ƙofa, tasa amin ɗin ta fi ta kowa ƙarfi.