Kiɗan da Na Ɗauko a Mahuta

Babu ƙwaro ko ɗaya a hasken majigin, alhali damina ce.

Bayan isha'i muke nuna fim ɗina a wata tsohuwar ma'ajiyar auduga a Funtuwa. Fim ne marar magana, gonaki kawai da hannayen masu tsinkar auduga. Ƙawata Adesewa tana gefen allo tana kaɗa celo, babban gogen Turawa da ake tsayarwa tsakanin gwiwoyi. Kiɗan na Baba Mudi ne, tsohon mai goge a Mahuta. Ya hana ni ɗauka, na ji haushi, na ɗauka da waya a ɓoye.

Wata mata ta zauna kusa da ni, tana warin ƙasar rijiya.

"Ke kika sa aka kira ni?" Muryar daga bayana ta fito, bakinta a rufe.

"Kallo ne kawai, Iya."

"Kallo? Shekara arba'in ina kwance, marar kunya, kika tashe ni don kallo. To, na zo. Waccan mai gogen ba za ta huta ba sai an kaɗa mini kiɗan sallama."

Fim ya ƙare, allo ya yi fari. Adesewa ba ta tsaya ba. Tana kallona tana hawaye, hannunta yana tafiya shi kaɗai.

Na waiwaya wajen Baba Mudi, wanda na gayyato don ya ji yadda muka gyara kiɗansa. Shi kaɗai ya san na sallama. Ya dubi matar, ya dube ni. Ya ɗauki takalmansa ya fita.