Riyal na Roba

A unguwar Hindawiyya da ke Makka, akwai wata yarinya 'yar aji uku. Ran nan malamarsu, Abla Haifa, ta raba musu kuɗin roba don su koyi saye da sayarwa. Kuɗin suna ƙyalli kamar riyal na gaske.

"Ku je gida ku yi wasan kanti," in ji Abla. "Amma fa na wasa ne kawai."

A hanyar gida yarinyar ta bi ta ƙofar Iya Ramlatu. Iya tsohuwa ce, idanunta sun yi yana, ba ta gani sosai. Alewar riɗi take sayarwa a kan tire.

Yawun yarinyar ya tsinke, ga shi ba ta da ko halala, ƙaramin kwabon Saudiyya.

"Iya, a ba ni ta riyal biyu."

"Ɗauki, jikata. Jefa kuɗin a gwangwani."

Yarinyar ta ajiye na robar a hankali, don kada Iya ta ji bai yi ƙara ba. Iya har gyara ta ƙara mata.

Bayan la'asar, Umma, mahaifiyar yarinyar, ta aike ta sayen burodin tamis. Tana isa ta tarar da Iya Ramlatu a gaban layi. Iya ta miƙa kuɗi. Mai burodi ya juya shi, ya ɗaga sama.

"Ya Hajja, wannan ai roba ce!"

Wasu suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Dubi tsohuwa da wayo!"

Iya ta juyo gare su. "Shekara hamsin ina garin nan," ta ce, "ban taɓa cin haƙƙin kowa ba." Ta ajiye burodin, ta juya tana dogara sanda.

Yarinyar ta gane robarta ce. Ta ruga gida hannu wofi, tana kuka.

"Me ya same ki? Ina burodin?" Umma ta tambaya.

Yarinyar ta faɗi komai. Umma ta ce, "Matar nan ta goya ki ranar da nake asibiti. Ɗauko asusunki, mu je."

Sun sami Iya a ɗaki, ko shayi ba ta sha ba. Yarinyar ta durƙusa.

"Iya, ni ce na sa robar. Ki yafe mini."

"Ke?" Muryar Iya ta yi sanyi. "Da kin ce kina so, ai da na ba ki kyauta."

Wannan magana ta fi mata bulala zafi. Ta zuba kuɗin gaske a hannun Iya.

"Da saura," in ji Umma. "A gaban mutane aka kunyata ta."

Su uku suka koma wurin mai burodi. Layin na nan. Yarinyar ta ɗaga murya.

"Iya ba ta yi wayo ba. Ni na cuce ta."

Mai burodi ya fito da tamis biyu masu zafi. "Yi haƙuri, ya Hajja. Na yi kuskure."

Iya ta lalubo kan yarinyar, ta shafa. "Na yafe, habibti, abar ƙaunata. Yalla, maza riƙe mini hannu mu tafi gida."

Tun daga ranar yarinyar ba ta ƙara yaudarar kowa ba. Ta gane cewa wanda ya yarda da kai, amana ya ba ka. In kuma ka yi laifi, ka faɗi gaskiya da wuri, kafin wani ya sha kunya dominka.