Injin da Ba Ya Sallama

Ku matso kusa. A rage wutar fitilar nan, labarin ba ya son haske.

A wani ƙauyen masunta da ke ƙasan Yawuri an yi wani mutum, Ɗantani. Mutumin kirki ne, sai dai akwai kunnen ƙashi. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Lantana, kuma duk duniya ba abin da yake so kamarta.

Wata rana ya dawo daga kasuwa da ɗan ƙaramin inji mai aiki da batir. Da la'asar ya kafa katako a gindin jirginsa, ya ɗora injin, ya ɗaure noti tam, ya haɗa waya. Da ya kunna, farfela ta juya cikin ruwa, ko motsi ba ka ji. Daɗi ya kama shi, yau kifi ba zai ji zuwansa ba. Batirin ya ci wuri, sai ya jefar da filafilin tuƙi a gaɓa.

Kawunsa, Baba Manu, yana zaune yana gyaran komar kamun kifi. Ya dubi filafilin a ƙasa.

"Ɗantani, da me za ka yi sallama?"

To, akwai wani gurbi mai zurfi a kogin, Gurbin Maje. Tun kaka da kakanni, in jirgi ya doso shi sai a ƙwanƙwasa filafili a jikin jirgi, don masu wurin su janye 'ya'yansu.

"Kawu, ai zamani ya wuce wannan," in ji shi, yana dariya.

Tsohon ya ci gaba da gyaran komarsa.

Da dare ya yi, farin wata tar, Ɗantani ya fita kamun kifi. Jirgi na tafiya sululu, har ya tsallaka tsakiyar gurbin bai sani ba. Sai injin ya shaƙe, ya tsaya cak.

Ya ɗago shi yana tsaki, a zatonsa ciyawa ce. Ya haska tocila. Gashi ne. Kitso ƙanana, irin na yarinya, ya nannaɗe farfelar, har da ɗan dutsen ado a bakinsa.

Kwaɗi suka yi tsit.

Wata mata na tsaye gefen jirgin. Ruwan iya idon sawunta, a wurin da doguwar gorar tuƙi ba ta taɓa kai ƙasa ba. Zanenta a bushe. Da ta buɗe baki, muryar daga ƙarƙashin jirgin ta fito, har ya ji ta a tafin ƙafarsa.

"Kai ne ka wuce ba sallama?"

Kafin ya amsa, ta ci gaba.

"'Yata na kwance tana shan hasken wata. Ba ta ji ka ba." Ta dube shi. "Kana da 'ya?"

Ya so ya yi ƙarya.

"Lantana," in ji matar. "Ta kwanta ba ta rufa ba."

Nan tsoro na gaske ya shige shi. Ya zaro wuƙa zai yanke gashin ya miƙa mata.

"Kada ka yanka. Warware shi. Abin da ya ɓace a nan, a gidanka zan cike."

Ya durƙusa. Notin da ya ɗaure da alfahari ɗazu, ga shi yanzu ya ƙi kwancewa, sufana kuma tana gida. Da yatsu ya murɗa har farcensa ya tsage. Ya cire farfelar, ya shiga zare gashin sili-sili, yana salati a zuci, hawaye na zuba. Matar ba ta ƙifta ido. Wata ya yi yamma, sanyin asuba ya soma sauka. Saura kitso ɗaya, ya maƙale can cikin ƙarfen. Ya ja a hankali. Ya sake ja.

Ya tsinke.

"Wayyo, baiwar Allah! Ɗauki injin. Ɗauke ni ma. Ki bar min yarinyar."

Ta karɓi gashin ta dube shi. Hannunta ya fi ruwan sanyi.

"Ka yi ƙoƙari," ta ce. "Iya nawa zan ɗauka."

Ya ɗaga kai, ba kowa. Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Ya ɓalle katakon da ya kafa, da shi ya tuƙa har gaɓa. Ya ruga gida ba takalmi. Lantana na barci, tana numfashi lafiya lau. Ya rungume ta yana kuka kamar ƙaramin yaro. Sai ya ji matashinta jiƙe sharkaf, yana ƙarnin kogi. A bayan kunnenta na hagu kitso ɗaya babu, wurin sumul kamar tafin hannu.

Lantana ta girma, har ta yi jikoki, gashi bai sake tsirowa a wurin ba. Injin kuwa a rataye ya yi tsatsa, ko kyauta ba wanda ya yarda ya karɓa. Ɗantani ya koma filafilinsa, kuma har ya mutu, ko randar ruwa zai buɗe sai ya ƙwanƙwasa.

Saboda haka kada wanda ya bi ta Gurbin Maje shi kaɗai da dare. In kuma ta kama dole, ka ƙwanƙwasa. Suna da 'ya'ya su ma.