Wa Ya Fara Shan Ruwan Rijiyar Jatau?

"Mama, mi ya sa a fim Baba ya sha ruwa ya bar Kaka da hannu a miƙe? Ni idan na yi haka faɗa kike mini."

Priskila ta dakata da tankaɗe, ta dubi Godiya, 'yarta mai shekara biyar. Mijinta Lazaru, da ke gyaran moto, wato babur, a gindin darbejiya, ya sunkuyar da kai.

Tambayar da garin Mayahi duka ke yi ke nan. Rijiyar Jatau tsohon wasan dandali ne tun zamanin ƙungiyar matasa ta samariya, labarin baƙon da ya gina wa gari rijiya. Mahaifin Priskila, Baba Hezekiya, ya shekara talatin yana fitowa dattijon gari. A dandali Jatau ba ya kai ƙwaryar farko baki sai dattijo ya sha. Da masu fim suka zo daga Maradi, suka ba Lazaru matsayin Jatau, Baba ya riƙe matsayinsa. An ɗauka daidai, amma wajen haɗa hoto suka yanke shan dattijo, wai ya ja lokaci. Lazaru ya gani kafin a saki fim ɗin, bai ce uffan ba.

Wata biyu ke nan Baba bai tako gidansu ba. Jiya kuma ya aiko cewa ta kwaso Godiya su dawo gidansa a Korgom, kada jikarsa ta tashi gidan da ba a san girma ba.

"Zuciyata, ki yarda da ni..." Lazaru ya ce a hankali. "Na ji nauyin masu fim ɗin. Shi kuma Baba surukina ne, da wane ido zan tsaya gabansa in kare kaina?"

"Kunyarka ta kusa ci mana gida, Baban Godiya. Ba na barinka, ba kuma na barin ubana. Zuba mai a moton."

Ya sauke su bakin zauren Baba, ya koma nesa ya tsaya. Priskila ta gaida Baba har ƙasa, ba ta yi roƙo ba. Wayarta ta ciro, ta kunna masa Rijiyar Jatau ɗin da 'yan tele, wato talabijin, suka yi kashi-kashi da 'yan wasan birni.

Da farko Baba ya gyara zama da jin daɗi, don a nan dattijo ya fara sha. Can sai fuskarsa ta fara sauyawa. Jataun tele ya riƙe guga kamar bai taɓa ganin rijiya ba, tafin hannunsa sumul. Dattijon kuma ya yi kirarin gari da murya kamar mai karanta sanarwa, har ya tsallake sunan kaka na uku.

"Wannan ko akuya ba ya iya shayarwa," in ji Baba. "Kashe, kashe!"

"To Baba, kun gani. Na tele sun kiyaye al'ada, amma babu namu ko ɗaya a ciki. Fim ya yi kuskure, amma muryarku ce, kuma hannun da ya ja gugan nan shi ke noma mini hatsi. Ya yi laifi da ya yi shiru. Yana waje, kunya ta hana shi shigowa."

Baba ya gyaɗa kai. Sannan ya ce ranar kasuwa mai zuwa za a yi wasan a fili, gaba ɗayansa, inda babu mai almakashi.

"Jatau fa, Baba?"

"Ina da wani ne? Ce wa mijin nan naki ya shigo inuwa, rana za ta ɓata masa murya."

Priskila ta fita da sauri tana share ido da bakin zane, Godiya na gaba da gudu.

Ke mai karatu, ki kiyaye. Ranar da mijinki da babanki suka ɓata, kada ki zauna jiran kunya ta sasanta su. Ba ta taɓa yi ba.